Kwoi: Garin Da Baƙi Suka Shiga Da Harshen Aro

Matafiyin da ya bar Kafancan ya fuskanci yamma, ba zai cika sa'a guda a mota ba sai ya ga kansa a Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba ta kudancin Jihar Kaduna. Tafiyar gajeriya ce, amma ido ba ya hutawa. Ƙasa ce ta tudu da kwari, ga duwatsu nesa da kusa, ɗorawa da mangwaro sun yi wa gidaje rumfa, kwakwar manja kuma ta bi bakin rafuka. In tafiyar ta faɗo lokacin hunturu, to, hanci ne zai riga ido sanin an iso, domin kuwa a sa'an nan ne ake haƙar citta, a tsaga ta, a shanya ta bisa falalen duwatsu da gefen titi, ƙamshinta ya gauraye iska. Tun wajen 1927 ake noma citta don sayarwa a wannan yanki. Ita ce ta yi wa gidaje rufin kwano, ita ce ta biya wa yara kuɗin makaranta, shi ya sa annobar ruɓewa da ta auka mata a daminar 2023 ta karya jarin mutane da yawa.

Amma ba citta ce ta kai ni Kwoi ba, harshe ne.

Mutanen garin Ham suke kiran kansu, harshensu Hyam, sarkinsu Kpop Ham, garin kuwa a bakinsu Har Kwain ne. Jaba suna ne da Hausawa suka sa musu, Turawa suka ɗauka suka rubuta a takarda, ya zauna. To, ga abin lura. A shiga kasuwa, da Hausa ake ciniki. A tsaya a tasha, da Hausa ɗan kamasho yake kiran fasinja. A gitta ta ƙofar majami'a ranar Lahadi, za a ji waƙa da wa'azi suna tashi cikin Hausa. Ta kasuwa ba abin mamaki ba ce, gama fatake sun daɗe suna ratsa ƙasar. Amma me ya kai Hausa cikin addu'ar mutumin da ba Bahaushe ba, ba kuwa Musulmi ba? Amsar tana wajen baƙi ma'aikata, da sharuɗɗa biyu da aka gindaya musu, watau inda za su zauna da harshen da za su koya. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da manyan ƙasashen duniya suke ja-in-ja a kansu a zamaninmu: baƙi nawa za a bari su shigo neman aiki, wane harshe kuma za a ce sai sun iya. An gwada duka biyu a kan Kwoi fiye da shekara 100 da suka wuce, saboda haka tana da abin faɗa.

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa suna da nasu tsarin baƙunci. Falke ba ya faɗa wa gari haka kawai. Sai ya nemi mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta da dillanci, in rigima ta taso kuma shi zai tsaya masa a gaban sarki. Watau mai masauki shi ne fasfo, shi ne biza, shi ne ƙamus. Da wannan tsari aka kafa zango-zango har Salaga da Kumasi. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kowane mai jin Hausa ne ya zo ƙasar Ham da gishiri da kanwa ba. A ƙarni na 19 mahara daga Zazzau da masarautun da ke ƙarƙashinta sun sha kai hari wannan yanki suna kamun bayi, har mutane suka riƙa fakewa cikin duwatsu. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fi gane nauyin abin da ya biyo baya.

A watan Maris na 1903, bayan cin Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. Razdan-razdan da suka biyo baya suka fassara alkawarin nan da cewa ba a yarda Turawan mishan su kafa tasha a ƙasashen sarakunan Musulmi ba, sai ƙalilan irin su Likita Miller da aka bari ya zauna a birnin Zariya. Ana iya cewa wannan ita ce iyaka ta farko da hukumar zamani ta shata wa ma'aikaci baƙo a Arewa, Bature ne kuwa ya shata wa ɗan'uwansa Bature. Ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka faro a 1893, ƙasar Hausa take hange. Ta sami gindin zama na farko a Patigi a 1902, da ta ga ƙofar Kano a rufe sai ta juya ga ƙabilun da ba Musulmi ba, a 1910 ta sauka Kwoi. Sai cikin shekarun 1930 aka sassauta, aka bar mishan suka shiga Kano da Katsina da Sakkwato ta hanyar jinyar kutare. Kafin nan makaranta ta riga ta yi saiwa a ƙasar Ham. Dokar da aka yi don tsare Kano ita ce ta bai wa Kwoi ilmin boko da wuri, har ta zama gari mai fitar da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na gwamnati fiye da yadda girmanta zai sa a zata. Waɗanda suka shata iyakar ba su yi wannan lissafi ba.

Sharaɗi na biyu shi ne harshe, gwamnatin mulkin mallaka kuwa ba ta wasa da shi. Saurayin da aka aiko daga Ingila ya zama mataimakin Di'o, ba a tabbatar masa da aikinsa sai ya ci jarrabawar harshen ƙasa, wadda a yawancin lardunan Arewa Hausa ce, akwai ƙarama akwai babba. Kada mai karatu ya zaci don ƙaunarmu aka yi haka. Sun lura ne cewa Di'on da ba ya jin magana bawan tafintansa ne. Abin da masinja ya ga dama shi ke isa kunnen Bature, abin da ya ga dama shi ke komawa kunnen talaka, a tsakani kuwa kaji da awaki suna ta sauya hannu. Hafsoshin soja ma da Hausa suke ba da umarni. Daga wannan bukata aka sami mutane irin su Hanns Vischer, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, aka kuma sami babban ƙamus na Bargery a 1934, wanda har gobe manazarta ba su ajiye shi ba.

Su ma mishan haka suka yi wa nasu. Sabon zuwa sai ya zauna koyon harshe, ya ci jarrabawa, kafin a sakar masa aiki. To, amma wane harshe? Da fari an gwada na gida, har a farkon shekarun 1920 aka buga wasu sassan Linjila cikin harshen Ham. Sai lissafi ya ƙi. Kudancin Lardin Zazzau ƙasa ce mai harsuna barkatai, tafiyar yini guda a ƙafa takan ratsa uku ko huɗu: ga Hyam, ga na Kagoma, ga Jju na Bajju, ga Tyap na Atyap, ga na Kagoro, ga na Koro. Ma'aikata kaɗan ne, ana kuma yi musu canjin wuri. Wanda ya kashe shekara 5 yana fama da Hyam, in aka mai da shi Kagoro sai ya koma ɗan koyo. Hausa kuwa duk inda aka je ba a rasa mai jin ta, ga nahawu a rubuce, ga gwamnati tana aiki da ita. Sa'ad da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke cikin Hausa a 1932, magana ta ƙare. Littafin waƙoƙi ya zama na Hausa, makarantar horar da masu wa'azi ta zama ta Hausa, yaro kuma da Hausa yake fara haɗa baƙi da wasali.

A nan ne nake ganin Kwoi ta fi kowace majalisa iya bayani. Sharaɗin harshe ba baƙo kaɗai yake ɗaurewa ba. An ce baƙo ya koyi harshen ƙasa, ya kuwa koya, amma wanda ya fi masa araha ya zaɓa, da yake kuma makaranta da magani suna hannunsa, sai ɗan gari ya bi shi. An ci riba, babu musu. Hausa ce ta haɗa Ham da Bajju da Atyap a kasuwa ɗaya da majami'a ɗaya, ita ce kuma ta haɗa su da ma'aikatan reluwe Ibo da Yarbawa da suka cika Kafancan bayan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a shekarun 1920. Amma an biya kuɗin ribar. A yau yaran Ham da yawa, musamman waɗanda suka tashi a Kaduna da Jos da Abuja, sama-sama suke jin Hyam, kaka ta yi musu magana da ita su amsa da Hausa ko Turanci. Bikin Tuk Ham da ake yi wajen lokacin Ista, ban da kaɗe-kaɗe da raye-raye, ƙoƙari ne na riƙe abin da ke neman suɓucewa. Mu da muke alfahari da yaɗuwar Hausa, ya kamata mu sani a wasu wurare ba ƙafarta kaɗai ta kai ta ba, goyo aka yi mata.

Tarihin mutum ɗaya ya isa misali. An haifi Byang Kato a Kwoi a 1936. Hyam ya sha a nono, Hausa ya tarar a wajen mishan, Turanci ya kai shi karatu London, daga baya Dallas ta Amurka inda ya sami digirin dokta. A 1967 ya zama babban sakataren ECWA, ikilisiyar da ta tsiro daga aikin mishan ɗin nan a 1954. A 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara na Afirka da Madagaska, shi ne ɗan Afirka na farko a kujerar, ofishinsa a Nairobi. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a watan Disamba na 1975 yana da shekara 39. Cikin shekara 63 kacal garin da ya karɓi baƙi ma'aikata ya aika da nasa ɗan aiki ƙasar wasu.

Wanda ya zo Kwoi bai leƙa Nok ba, tafiyarsa ba ta cika ba, ƙauyen kuwa yana nan kusa cikin ƙaramar hukumar. A nan ne masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a 1928. Wajen 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani ƙaramin jami'in mulki a Jos, wani kan yumɓu da aka samo a ƙasar Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya don korar ɓarna. Fagg ya ga kamarsu ɗaya da na Nok, daga nan duniya ta san da wata al'umma da ta ƙware a ginin yumɓu da narkar da tama fiye da shekara 2,000 da suka shige. Daga 2005 masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka ɗora, suka yi sansani a Janjala ta ƙasar Kagarko. A watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace biyu daga cikinsu, suka kashe mutum biyu 'yan gari da suka bi sawu, bayan 'yan kwanaki aka sako Jamusawan. Akwai iyakar da ba majalisa ce ke shata ta ba, ita ce kuwa ta fi kowace doka korar baƙo.

Mu koma ga doka. Bayan samun mulkin kai, Dokar Shige da Fice ta 1963 ita ce ta riƙe ragamar shigowar baƙi, kamfani kuma ba ya ɗaukar ma'aikaci daga waje sai gwamnati ta yanka masa adadin guraben da aka yarda. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 aka kori limaman Katolika da yawa 'yan Ailan da suka yi aiki a yankin Biyafara, samun biza kuma ya yi wa mishan wuya. A 1972 aka kafa dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa. Cikin shekarun nan gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan, har da sakandaren 'yan mata ta Kwoi, a 1976 kuma mishan ɗin ta miƙa ragowar ayyukanta ga ECWA. Sai ga kuɗin mai, sai ga shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, makarantu suka yi yawa malamai suka yi kaɗan. Duk wanda ya yi sakandare a Arewa a wancan zamani zai tuna da malamin lissafi ɗan Indiya ko Pakistan, da malamin Turanci ɗan Gana. Babu wanda ya tambaye su ko suna jin Hausa, balle Hyam.

Ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita, daga baya aka ƙara wa masu sana'a wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, ga zaɓe yana tafe, ga kuma tarzomar Maitatsine ta 1980 ba ta bar zukata ba. An ƙiyasta mutum kimanin miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, jakar da suka zuba kayansu a ciki har yau Gana-mas-go ake ce mata. Wasu suka ce ramuwa ce, gama a 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta yi wa baƙi irin wannan kora, ta rutsa da Yarbawa da Hausawan zango. Abin da ya kamata a lura shi ne, a korar nan biyu harshe bai ceci kowa ba. Bahaushen da aka haifa a Kumasi, yana jin harshen Asante kamar ɗan gari, an ɗora shi a mota. Mutumin Maraɗi da Hausarsa ba ta da bambanci da ta Bakatsine, shi ma a 1983 an nuna masa hanya. In siyasa ta juya, takarda ake tambaya.

Har yanzu dokarmu kawuna take ƙirgawa. Dokar 2015 ta maye gurbin ta 1963, tsarin yanka gurabe yana nan, an kuma ce kowane ƙwararre baƙo a haɗa shi da 'yan ƙasa masu koyon aikin don su gaje shi. A Fabrairu 2024 gwamnati ta ƙaddamar da haraji na dala 15,000 a shekara kan kowane darekta baƙo da dala 10,000 kan sauran ma'aikata, kamfanoni suka yi ca, ba a yi mako biyu ba aka dakatar da shi. Ko'ina ana maganar adadi da kuɗi, babu inda aka ce sai baƙo ya iya ko gaisuwa da harshen mutanen da zai zauna cikinsu. Sashe na 27 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce mai neman zama ɗan ƙasa sai ya yi shekara 15, sai kuma Gwamnan jihar ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, ya kuma saje da irin rayuwarsu. Yadda mutum zai saje da jama'ar da ba ya jin maganarsu, wannan sai mai karatu ya auna.

Yanzu kuwa reshe ya juye da mujiya. Akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Jihar Kaduna a Kafancan, cikin ɗalibanta kuma ba a rasa masu hangen Ingila, gama Nijeriya tana cikin ƙasashe uku da suka fi ba Ingila ma'aikatan jinya daga waje, tare da Indiya da Filifin. Yarinyar da kakanta ya koyi karatu a hannun Baturiyar mishan, wadda ta yi firamare da sakandare da kwaleji cikin Turanci, hukumar jinya ta can takan nemi ta kawo shaidar jin Turanci, yawanci ta jarrabawar IELTS da maki 7 ko takwararta ta ma'aikatan lafiya. Kuɗin jarrabawar ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, shekara 2 kawai sakamakon yake aiki. Jerin ƙasashen da Ingila ta ɗauke wa wannan nauyi a dokar biza ya ƙunshi Jamaika da Barbados, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya. A Maris 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalinsu, a Yuli 2025 aka rufe ɗaukar sababbinsu daga waje, daga Janairu 2026 kuma aka ɗaga matakin Turancin da ake nema wajen sababbin ƙwararrun ma'aikata. Mai son Jamus kuwa sai ta zauna ta koyi Jamusanci tun daga baƙaƙe.

Ni dai ban ga laifin ƙasar da ta ce mai jinyar marar lafiya ya ji abin da marar lafiya yake faɗa ba. Tsohuwar da ciwo ya kama cikin dare ba ta da lokacin jiran tafinta, ko a Manchester take ko a Kwoi. Inda na ga rashin adalci shi ne a sa wanda ya yi dukan karatunsa da Turanci ya riƙa sayen shaidar jin sa kowace shekara biyu. Inda na ga sakacinmu kuwa shi ne, abin da Di'o ya gane tun zamanin Lugga mun ajiye shi. Injiniyan da aka kawo gina hanya, aka ce ya koya wa 'yan ƙasa aiki, da hannu yake yi wa leburori nuni, tafinta kuma ya koma kujerarsa ta da. Da za a ce likita da malami da shugaban leburori baƙi su nuna sun soma jin harshen wurin aikinsu kafin a sabunta musu takarda, da ba a zalunci kowa ba. Sai dai ranar da za a rubuta wannan doka, a tuna da mutanen Har Kwain, a tambaye su harshen da suke so a sa. In an bar wa baƙo zaɓi, abin da aka zaɓa a 1932 shi zai sake zaɓa.

A Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da yara cikin harshen uwa a dukan shekara 6 na firamare, abin da zai iya buɗe wa Hyam ƙofar aji a Kwoi da Nok. A Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke ta, aka koma Turanci tun daga ajin farko. Ya yi sanarwar ne a Abuja, a wajen wani taro kan harshe da ilmi wanda British Council ta shirya, ɗaya daga cikin masu jarrabawar IELTS.